Marigayi Janar Murtala Muhammed da Aikin Gyaran Soja

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, duk wanda ya tashi a Sabon Gari ko Samaru ya san Zariya garin soja ne. Ga Daffo inda ake horar da kurata, ga Makarantar Soja ta yara wadda aka kafa a 1954, ga kuma barikin Basawa. Shi ya sa na ga ya dace a wannan fitowa mu tuna da wani wanda ya yi karatu a garin nan, ya tashi gyara rundunar sojan Nijeriya, gyaran kuma ya zama sanadin ajalinsa.

An haifi Murtala Ramat Muhammed a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda daga baya aka sa wa suna Barewa, makarantar da Yakubu Gowon ma ya yi kafin shi. Ya shiga soja a 1958, aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya fito hafsa a 1961 a sashen sadarwa, ya kuma yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango.

Ba za a ɓoye ba, Murtala mutum ne mai zafin zuciya. Yana cikin jagororin juyin mulkin Yuli 1966. A yaƙin basasa shi ya jagoranci Runduna ta Biyu wadda ta ƙwato Binin a 1967. To amma a ƙarƙashin rundunar ne aka yi wa fararen hula kisan gilla a Asaba, kuma nacewar da ya yi sai an ƙetare kogin Kwara zuwa Onica ta jawo asarar sojoji masu yawa. Masu ƙaunarsa ba sa son a ta da wannan zance, amma yana cikin tarihinsa.

Yaƙin ne ya haifar da matsalar da ya zo ya tarar. Kafin yaƙi sojan Nijeriya bai wuce kimanin 10,000 ba. Da aka gama a Janairu 1970 ya kai wajen 250,000. An ɗebi mutane cikin gaggawa, horon makonni kaɗan sai bakin daga. An ba wasu muƙamin hafsa a fagen fama ba tare da sun shiga makarantar hafsoshi ba. Barikoki suka kasa ɗaukarsu, sai soja ya koma haya cikin gari da iyalinsa, yau rigima da mai gida, gobe da direban mota. Albashi kuma ya cinye mafi yawan kuɗin tsaro, babu abin da ya rage na kayan aiki da horo. Gwamnatin Gowon ta san da haka, amma tana tsoron sakin dubban mutanen da suka iya bindiga ba tare da sana'a ba, sai ta yi ta jan ƙafa.

Da Murtala ya hau mulki bayan juyin 29 ga Yuli, 1975, bai tsaya wata-wata ba. Ya yi wa manyan janar-janar na zamanin Gowon ritaya, ya sauke gwamnoni goma sha biyu, ya naɗa Theophilus Danjuma shugaban sojan ƙasa. Aka tsara rage soja da kimanin 100,000, aka kuma ce hafsoshin da suka sami muƙami lokacin yaƙi sai an tantance su. A ganina manufar daidai ce, saurin ne ya yi yawa. Mu ma'aikatan gwamnati mun gaji labarin irin wannan sauri, domin a watannin ne aka kori ma'aikata fiye da 10,000, wasu da laifi, wasu kuwa a rediyo suka ji an sallame su ba tare da an saurare su ba. Manyanmu a ofis na cewa tun daga nan ma'aikaci ya daina yarda cewa kujerarsa za ta kai shi fansho.

A cikin bariki abin ya fi haka zafi. A Janairu 1976 Murtala ya zama cikakken Janar, Obasanjo da Danjuma suka zama Laftanar Janar, alhali Manjo Janar Iliya Bisalla, Kwamishinan Tsaro, yana gaba da Danjuma a da. Masu tsoron sallama da masu jin an tsallake su suka sami abin haɗa kai.

Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe wa motarsa wuta a cunkoson Ikoyi yana hanyar barikin Dodan, ba tare da ayarin tsaro ba. Ya rasu tare da dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, yana da shekara 37, bayan kimanin kwana 200 a kan mulki. Aka kai shi Kano aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa. An harbe Bisalla a watan Maris, Dimka kuma a watan Mayu.

Obasanjo da Danjuma suka ci gaba da aikin, amma a hankali, ana sallamar sojoji rukuni-rukuni har zuwa miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a ranar 1 ga Oktoba, 1979. A shekarar da ya rasu ne aka buɗe Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshi a Jaji, wadda muke wucewa ta gabanta duk lokacin da muka kama hanyar Kaduna.