Muhammadu al-Katsinawi: Malamin Taurari Daga Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je garinmu Uke, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi. Wani dare aka ɗauke wuta, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ina nuna wa ƙanena Kaza da 'Ya'yanta. Sai ya ce mini, Yaya, shin akwai masu rai a can sama? Ya ƙara da cewa ai wannan bincike na Turawa ne, babu namu a ciki. Wannan magana ta dame ni, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami don in kawo wa mai karatu tarihin wani Bakatsine.

Rayuwarsa

Sunansa Muhammadu bn Muhammadu al-Fulani al-Kishnawi, wato Bafulatani mutumin Katsina. Ya yi karatu a nan ƙasashen Sudan, daga cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu al-Wali na Bagarmi da Shehu Muhammadu Bindu. Ya ƙware a fiƙihu da nahawu da lissafi da ilimin taurari. Wajajen shekarar 1730 ya isa Makka don sauke farali, daga nan ya zarce Alƙahira, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A Alƙahira ya sauka a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne, ya kuma ɗauki karatu a wajen baƙon nasa. Allah Ya yi wa Malam Muhammadu rasuwa a wannan gida a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan Shehu Hasan, wato masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya adana mana labarinsa a littafinsa Aja'ib al-Athar.

Ayyukansa

Littafinsa Bahjat al-Afaq, wanda ya rubuta wajajen 1732, ya yi bayanin yadda ake tsara hatimi. Mafi sauƙi shi ne mai gida 9, inda ake jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Masana lissafi na ambaton wannan aiki har yau.

Na biyu shi ne al-Durr al-Manzum a kan taurari, wanda ya gina a kan wani littafin Fakhruddin al-Razi (ya rasu a 1210). Shi kuwa al-Razi ya yi bayani a wasu littattafansa cewa ikon Allah bai gaza halittar duniyoyi masu ɗimbin yawa bayan tamu ba. Gaskiya ɗaya ce, ilimin taurari na wancan zamani a haɗe yake da hisabi da ɗalasimai, ya bambanta da kimiyyar yau. Amma ya buƙaci lura da sama da ƙwarewa a lissafi.

Daga Katsina zuwa Mars

Abin mamaki, ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a wata gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina. Daga baya masana suka gano iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da ta duniyar Mars. A can Mars ɗin ne motar bincike ta Perseverance ta sauka a 2021, kuma a Satumbar 2025 hukumar NASA ta Amurka ta sanar cewa wani dutse da motar ta haƙa yana ɗauke da alamun da mai yiwuwa ƙananan halittu ne suka bari tun da daɗewa, sai dai ba a tabbatar ba. A wannan shekarar ne kuma adadin duniyoyin da aka gano suna kewaya wasu taurari ya kai 6,000.

Kammalawa

Na gaya wa ƙanena cewa har yanzu ba a tabbatar da rai a wata duniya ba, amma maganar babu namu a ciki kuskure ce. Bakatsine ya koyar da malaman Misira, dutsen Katsina kuma yana ɗakunan binciken duniya. Abin takaici shi ne mu ɗaliban Hausa da yawanmu ba mu taɓa jin sunan wannan malami ba. Ina kira ga 'yan'uwana masu neman batun kundin digiri da su waiwayi littattafansa, su fassara mana su zuwa Hausa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya jiƙan Malam Muhammadu, amin.