Marin Marais: Ɗan mai ɗinkin takalma da ya zama makaɗin fadar Faransa

A shekarar 1656 aka haifi Marin Marais a birnin Paris, a gidan wani mai ɗinkin takalma. Tun yana yaro ya shiga cikin masu rera waƙa a coci, amma abin da ya fito da sunansa shi ne viola da gamba.

Goga shi ake yi kamar goge, sai dai ya fi goge girma nesa ba kusa ba. Tsirkiyarsa shida ce ko bakwai, kuma a tsakanin ƙafafu ake riƙe shi. Ma'anar gamba ma a Italiyanci ita ce ƙafa.

Marubuci Titon du Tillet ya ruwaito cewa malaminsa, Sainte-Colombe, ya sallame shi bayan wata shida kacal don gudun kada ɗalibi ya fi malami. Sai Marais ya riƙa laɓewa a ƙarƙashin ɗakin katakon da malamin ke kaɗawa a lambu, yana satar salo da kunne.

A 1679 ya zama makaɗin fadar Sarki Louis na 14. Daga 1686 zuwa 1725 ya wallafa littattafai biyar masu ɗauke da kiɗe-kiɗe sama da 500.

A littafi na biyu, na 1701, gwanintarsa ta fi fitowa. Ya ɗauko wani tsohon take da ake kira Folies d'Espagne, wanda makaɗan Turai suka daɗe suna yi, ya juya shi salo 32 yadda zai dace da gamba: wani a hankali, wani da sauri. Bai bar makaɗi cikin duhu ba, domin ya sa alamomin inda za a ɗora yatsa da yadda za a goga. Da waɗannan alamomi masu koyo ke amfani har yau.

A littafi na biyar har kiɗan tiyatar cire tsakuwa daga mafitsara ya tsara, a zamanin da ake yanka mutum yana ji yana gani.

Marais, mai 'ya'ya 19, ya rasu ranar 15 ga Agustan 1728. Lokacin violin da cello sun fara ƙwace fage, kuma kafin ƙarnin ya ƙare gamba ta kusa ɓacewa. Fim ɗin Tous les matins du monde na 1991, wanda Jordi Savall ya yi wa kiɗa, ya sake kai sunansa ga jama'a da dama.