Samuel Hahnemann: Likitan da ya bijire wa likitancin zamaninsa, ya ƙirƙiro homiyofati

A watan Maris na 1792 Sarki Leopold na Biyu, mai mulkin Austiriya, ya rasu bayan gajeriyar jinya, wadda a cikinta likitocin fada suka riƙa tsaga jijiyarsa suna zubar masa da jini. Wani likita ɗan Jamus mai shekara 36 ya fito a jarida ya tuhume su da ƙarasa majinyacin da hannunsu. Sunansa Samuel Hahnemann. A wannan tuhuma yana da gaskiya, amma hanyar da ya kawo a madadin tasu ta kasa cin jarrabawar kimiyya.

An haife shi ranar 10 ga Afrilu, 1755, a garin Meissen, inda mahaifinsa ke sana'ar zanen kwanukan tangaran. Ya yi karatun likita a Leipzig da Viyana, ya samu digirinsa a Erlangen a 1779. Likitancin lokacin ya dogara ne ga zubar da jini, da sa majinyaci amai da gudawa, da ɗura masa magunguna masu guba irin na sinadarin makuri. Abin ya ishe shi, ya jingine duba marasa lafiya, ya koma fassarar littattafai don ciyar da iyalinsa, waɗanda daga baya suka kai 'ya'ya goma sha ɗaya.

A 1790, yana fassara littafin likitan Sikotilan William Cullen, sai ya ƙi yarda da bayaninsa kan yadda ɓawon itacen sinkona, tushen maganin kwinin, ke warkar da zazzaɓin cizon sauro. Ya sha ɓawon yana lafiya lau, ya kuma rubuta cewa ya ji alamomin da suka yi kama da na zazzaɓin. Daga nan ya gina ƙa'idarsa: abin da ke jawo wa mai lafiya wasu alamomi, shi zai warkar da mai fama da irinsu. Ya wallafa ra'ayin a 1796, ya tattara shi a littafinsa Organon a 1810.

Wannan ƙa'ida ce ta tsara yadda ake zaɓen magani a homiyofati har gobe. Sunan cuta bai cika damun Hahnemann ba. Idan mutum biyu suka zo da ciwon ɓarin kai, za a tambayi kowannensu gefen da ke ciwo, da lokacin da yake tashi, da abin da ke sassauta shi, da halin zuciyarsa, sannan a duba kundin gwaje-gwaje a nemo abin da alamominsa suka fi kama da nasa. Mai kan da ke bugawa da jan fuska, alal misali, akan zaɓa masa tsiron beladona, ɗayan kuma a ba shi wani abu dabam.

Da yake yawancin abubuwan guba ne, sai ya riƙa tsarma su: ɗigo ɗaya a cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza da ƙarfi, a ɗebi ɗigo ɗaya a sake. Ya fi son a maimaita sau 30. Lissafin kimiyyar sinadarai ya nuna daga baya cewa idan aka wuce zagaye na 12, da wuya ko ƙwaya ɗaya ta asalin sinadarin ta saura a kwalbar.

Rayuwarsa ba ta rabu da rigima ba. Wajen 1800 ya sayar da wani gishiri da ya ce sabon sinadari ne, masana suka gano boraks ne da kowa ya sani, ya amsa kuskurensa. A Leipzig masu kantin magani suka kai shi ƙara don yana haɗa magungunansa da kansa, kuma a 1820 Yarima Schwarzenberg, kwamandan da ya jagoranci rundunar ƙawance a kan Napoleon, ya rasu bayan ya zo neman magani wurinsa. A 1821 ya koma Köthen. A 1835, yana dab da cika shekara 80, ya auri Bafaranshiya Mélanie d'Hervilly, suka tare a Faris, inda attajirai suka riƙa tururuwa gidansa har ya rasu ranar 2 ga Yuli, 1843.

A shekarar auren nan, a Nuremberg, aka raba wa mutane kwalaben gishirin da aka tsarma da na ruwa zalla, ba tare da kowa ya san abin da ya karɓa ba. Mafi yawansu ba su ji komai ba. A 2015 majalisar binciken lafiya ta Ostareliya ta bi diddigin hujjojin da ake da su, ta ce babu cuta ko ɗaya da aka tabbatar homiyofati na warkarwa. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ba likitocinta shawarar su daina rubuta shi.

Majinyatan Hahnemann sun sha samun sauƙi, kuma dalilin a fili yake: ba a zubar musu da jini ba, ba a ɗura musu guba ba, an zauna an saurare su. Ciwon ɓarin kai kuwa da kansa yake tashi ya lafa, don haka duk abin da aka sha daf da lafawarsa shi ke samun yabo.

Haɗarin ya fi girma a cututtuka irin su bulimiya, wato cin abinci fiye da kima sannan mutum ya tilasta wa kansa amai, wadda likitan ƙwaƙwalwa Gerald Russell ya fayyace a 1979, shekara 136 bayan mutuwar Hahnemann. Yawan aman na rage sinadarin fotasiyam a jini, abin da kan hargitsa bugun zuciya har ya kai ga ajali. Tana buƙatar gwajin jini da kulawar masana halayyar ɗan'adam, amma har yanzu akwai mabiya Hahnemann da ke zaɓa wa masu ita ƙwayoyin sukari daga kundin alamomi.