Mis Betty Greene, Matuƙiyar Jirgin Sama a Cikin Duwatsu

A zangon karatun da ya wuce an tura ni koyarwar gwaji wata makarantar firamare a Lugbe, unguwar nan da ke kan hanyar da ta fito daga birnin Abuja zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Yaran wurin sun saba ganin manyan jirage tamkar yadda yaran ƙauyenmu suka saba ganin shaho. Ran nan ina koya wa 'yan aji biyar labarin ƙasa, muna maganar mutanen da ke zaune cikin manyan duwatsu inda mota ba ta zuwa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu. Ta tambaye ni ko jirgin sama yana iya sauka wurin irin waɗannan mutane in ɗayansu ba shi da lafiya. Ban san amsa ba, kuma na ji kunyar in ce ban sani ba. Sai na ce mata jirgi ba ya sauka sai a shimfiɗaɗɗen fili mai kwalta, ta zauna.

Da dare na ba da labarin nan a gidan kawuna inda na sauka. Kakata, wadda ta girma kusa da Jos, ta yi dariya, ta ce ai tana yarinya ta ga ɗan ƙaramin jirgin Mishan ya sauka a kan ciyawa, kuma wadda ta fito daga mazaunin direba mace ce. Na ɗauka tsufa ne ya haɗa mata labari biyu. Amma matambayi ba ya ɓata. Da na koma kwaleji na bincika, sai na iske kakata ce mai gaskiya, ni ne na koya wa yara abin da ba haka ba. Ga labarin matar nan kamar yadda na same shi.

Sunanta Elizabeth Greene, amma kowa Betty ya ke ce mata. An haife ta ran 24 ga watan Yuni, 1920, a birnin Siyatil, can arewa maso yammacin Amurka. 'Yan biyu ne, ita da ɗan'uwanta namiji. Tana da kusan shekara bakwai Charles Lindbergh ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai cikin ƙaramin jirgi, a 1927, kuma cikin shekarar ya zo garinsu, ta gan shi. Tun daga ran nan sha'awar tuƙin jirgi ta shiga ranta. Da ta kai shekara goma sha shida aka yi mata kyautar kuɗi, ba ta sayi tufafi da su duka ba, ta kai wurin mai koyar da tuƙi.

Iyayenta sun so ta zama nas, ta kuwa fara karatun a Jami'ar Washinton, amma zuciyarta ba ta kwanta da shi ba, ta bari ta koma wani fanni. Sa'an nan wata dattijuwa ta ji damuwarta, ta ba ta shawara ta haɗa abu biyun da ta fi so, watau tuƙin jirgi da aikin Mishan. A lokacin ba wanda ya taɓa jin mace ta yi irin wannan aiki.

Ana nan sai yaƙin duniya na biyu ya kai ga Amurka. Maza matuƙa suka tafi bakin daga, gwamnati ta nemi mata su riƙe aikin jirage a gida. A 1943 Mis Greene ta shiga ƙungiyar nan ta mata matuƙa da a ke kira W.A.S.P., aka hore ta a Sweetwater cikin jihar Tekzas. Mata dubu ɗaya da 'yan kai suka gama horon, 38 daga cikin 'yan ƙungiyar suka rasu a bakin aiki, gama aikin ba wasa ba ne. Ita an sa ta tashi da jirgi don sojan ƙasa su koyi neman jirgin abokin gaba, daga baya kuma aka sa ta cikin masu gwajin tashi can ƙololuwar sama, inda sanyi ya ke da tsanani, numfashi kuma ba ya isar mutum sai da na'ura. Wannan ilmi ya yi mata rana daga baya.

Tana cikin soja ta rubuta 'yar maƙala a wata mujallar ɗalibai, ta bayyana niyyarta. Wani matuƙin jirgin sojan ruwa, Jim Truxton, ya karanta, ya rubuto mata cewa su ma akwai su da wannan tunani. A 1945 suka kafa ƙungiyar da yanzu a ke kira M.A.F., ita ce ta riƙe ofishinsu na fari a Los Anjalis. Ran 23 ga watan Fabrairu, 1946, ta tashi da jirginsu na farko, wani tsohon Waco mai fiffike biyu sama da ƙasa, ta kai mata biyu masu aikin fassara ƙasar Meksiko. Ba a daɗe ba jirgin nan ya yi haɗari wajen sauka a hannun wani matuƙi. Da ya ke ba su da wani, sai da wani saurayi makaniki, Nate Saint, ya zo ya ɗinke shi a can. Tun daga farko ke nan suka gane cewa a irin wannan aiki sauka ta fi tashi wuya.

A nan ya kamata in tsaya in bayyana dalili, domin shi ne abin da na kasa gaya wa yarinyar nan. Jirgi iska ce ke ɗauke da shi, kamar yadda ruwa ya ke ɗauke da kwalekwale. To, gwargwadon hawanka sama, gwargwadon raguwar kaurin iska. A bisa dutse fiffike ba ya samun abin dogara sosai, inji ba ya samun isasshiyar iskar ƙona mai, farfela kuma tana juyi amma janta ya ragu. Saboda haka jirgin da zai tashi bayan ɗan gajeren gudu a Ikko, a kan dutse sai ya yi doguwar tsere tukuna. In rana ta yi zafi abin ya ƙara muni, gama zafi ma yana rage kaurin iska. Ga shi kuwa a cikin duwatsu ne ba a samun dogon fili.

Dabarar da a kan yi ita ce a sare fili a jikin gangare. Mai sauka ya fuskanci tudu, hawan ya taimake shi tsayawa. Mai tashi ya fuskanci gangare, gangarar ta ƙara masa gudu. Amma fa irin wannan fili ƙofa ɗaya gare shi. A filin Abuja in matuƙi ya ga saukarsa ba ta yi daidai ba, sai ya ba jirgi wuta ya sake kewayowa. A can kuwa akwai wani wuri wanda in ka wuce shi ba komawa, domin dutse ne tsaye a gabanka, jirgin kuwa ba shi da ƙarfin haye shi. Don haka tilas matuƙi ya gama shawara tun kafin ya kai wurin. A kan auna kowane fasinja da kowane ƙunshi a sikeli kafin a tashi. A kan yi sammako kuma, domin da rana ta ɗaga gajimare ya kan taru ya rufe mashigin da ke tsakanin duwatsu, iska kuma ta fara kaɗawa.

A ƙarshen 1946 aka kira Mis Greene ƙasar Peru. Masu nazarin harsuna, waɗanda Cameron Townsend ya ke shugabanta, sun sami wani tsohon jirgin soja mai suna Grumman Duck, mai iya sauka a ƙasa da kan ruwa. Suna so a kai shi daga Lima, a bakin teku, zuwa kurmin Amazon. Tsakanin wuraren nan biyu akwai duwatsun Andis, inda mashigin da mota ke bi ma ya fi ƙafa 15,000 bisa teku, watau ya kusa ninka tudun Jos sau huɗu. Akwai manya da suka ce wannan jirgi ya fi ƙarfin mace. Ba ta tsaya gardama ba. Ta koyi halin jirgin, ta jira ranar da sama ta yi kyau, ta haye. Ita ce mace ta farko da ta tuƙa jirgi ta ƙetare duwatsun nan a Peru.

A 1951 ta zo ƙasarmu, ta yi wajen shekara biyu tana tuƙa wa Mishan ɗin S.I.M. ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, mazauninta Jos. Jos kanta tana wajen ƙafa 4,000 bisa teku, ga duwatsu ko'ina. A zamanin nan hanyoyi da yawa na rani ne kawai, da damina ta sauka koguna su cika, mota ta tsaya. Mara lafiyar da za a yi kwana da kwanaki ana ɗauke da shi, jirgi ya kan kai shi asibiti cikin sa'o'i kaɗan. Abokin gabanta a nan hazo ne. Mu da muka san hunturu mun san ranar da ba ka hangen bishiyar da ke ƙofar gida. Matuƙin wancan lokaci kuwa da ido ya ke gane hanya, yana duban taswira da agogo da kamfas, yana bin kogi ko hanyar jirgin ƙasa. Cikin shekarun nan ne kakata ta gan ta.

A 1956 ta tafi Sudan, inda sai da hukuma ta ba da izini na musamman kafin a yarda mace ta tuƙa jirgi. A 1960 kuma ta tafi yammacin tsibirin Niyu Gini, wanda a lokacin ya ke hannun Holan, yanzu kuwa yana cikin Indunisiya. Filayen jirgin can suna cikin mafiya wuya a duniya, mutanen ƙauye ne ke sare su da hannu a jikin dutse.

A can ne ta yi abin da ya fi kome kama hankalina. An gama wani sabon fili a wani wuri mai suna Hitadifa, ana bukatar matuƙi ya duba shi kafin jirgi ya taɓa sauka. Daga sama fili ya kan yi kyan gani, amma daga sama ba ka sanin ko ƙasar tana da laushi, ko akwai rami cikin ciyawa. Sai ta bar jirgi ta kama hanya da ƙafa, tafiyar kwanaki, hawa da gangara cikin kurmi da taɓo, ana ƙetare rafi a kan gadar igiya. Ta isa, ta taka filin da ƙafarta, ta auna, sa'an nan aka yarda jirgi ya zo. Gani ya kori ji. Macen da ta haye Andis ba ta ga ta fi ƙarfin wannan wahala ba, gama ta san rayukan waɗansu za su rataya a kan maganarta.

A 1962 ta bar tuƙi a ƙasashen waje, bayan shekara goma sha shida, ta koma aiki a hedkwatar ƙungiyarsu, tana neman sababbin matuƙa. Ba ta yi aure ba. Da tsufa ya zo ciwon mantuwa ya kama ta, ta rasu ran 10 ga watan Afrilu, 1997, a Medina kusa da garin haihuwarta, tana da shekara 76. A 2009 majalisar Amurka ta yanke shawarar ba matan W.A.S.P. lambar girma ta zinariya, bayan da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Da na fara karanta labarinta na zaci zan iske mace mai kasada. Abin da na iske shi ne mace mai auna kaya, mai jiran gari ya washe, mai zuwa ta duba da idonta. 'Yan'uwana masu shirin zama malamai, ni ban yi haka ba ran nan a Lugbe. Na shiga darasi ban taka filinsa ba, da aka tambaye ni kuma na faɗi abin da ya zo bakina. Kuskuren matuƙi a take a ke ganinsa. Namu kuwa yaro ne zai ɗauke shi ya tafi da shi gida, watakila har ya koya wa wani.

Na nemi izini wurin hedimasta na koma ajin. Na gaya musu na yi kuskure. Muka fita waje, muka tara yashi muka yi tudu, muka daddale gefe guda ya zama fili, yara suka naɗe jirage na takarda. Kowa ya nuna ta inda zai sauka da ta inda zai tashi, ya kuma faɗi dalili. Yarinyar da ta yi tambaya ita ce ta fara gane cewa mai sauka tudu zai fuskanta. Kafin mu koma aji ta sake tambaya ko a ƙasarmu akwai inda a ke koyon tuƙin jirgi. Wannan karo na san amsa. Na ce akwai makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya tun 1964, ana kuwa ɗaukar mata. Ta ce in rubuta mata sunan a bayan littafinta na lissafi, na rubuta.