Marigayi Dakta Mamman Shata: mawaƙin da duk inda ya tsaya nan ne dandali

Yau idan mutum yana neman inda ake casu a Kano ko Katsina, waya zai ɗauka ya duba Facebook ko TikTok, ya ga fosta, ya sayi tikiti. A zamanin Alhaji Mamman Shata kuwa, kunne ne jagora. Ka ji tashin kalangu da dare, ka bi sautin har ka isa.

An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ya yi waƙa ba, domin ba gadon gidansu ba ce, kuma a lokacin kallon roƙo ake yi mata. Da tallan goro da alewa ya fara, yana yi yana rera waƙa a kasuwa da dandalin samari da 'yan mata. Daga nan ya koma Bakori, sannan Funtuwa, inda ya yi zama mai tsawo, ya kuma zauna a Kano.

Shata bai jira an gina masa ɗakin taro ba. Gidan biki, ƙofar fada, filin kasuwa, otal, duk ya yi wasa a cikinsu. Makaɗa su jera da kalangai, 'yan amshi su karɓa, shi kuma ya ƙirƙiri waƙa nan take, ba takarda ba biro. Wanda ya yi liƙi ya ji sunansa, wanda ya yi rowa ya sha zambo a gaban jama'a. Shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya a kaset biyu amma baitocin sun bambanta, har Bakandamiya ma haka take.

Ya waƙe sarakuna, 'yan kasuwa, direbobi da sojoji lokacin yaƙin basasa, har da kumbon Apollo 11 da ya je wata a 1969. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999 a Kano, aka binne shi a Daura.

To 'yan uwa, irin dandalin da ya haifi Shata fa yana neman ɓacewa. A yankinmu na Tsaskiya, Safana da Batsari, matsalar 'yan bindiga ta sa taron dare ya zama abin tsoro, biki ma da rana ake gaggauta shi. Yaro mai murya ina zai gwada kansa a gaban mutane? Situdiyo na gyara murya, amma ba ya koya wa mawaƙi riƙe taro.

Don haka idan ka ji an ce mawaƙi zai yi wasa kai tsaye da makaɗansa a garinku, kuma akwai tsaro, daure ka je ka gani da idonka. Allah Ya jiƙan Shata, Ya dawo mana da zaman lafiya, amin.