MALAM ABDULLAHIN GWANDU: JARUMIN DA YA CI YAƘIN ZUCIYARSA

'Yan'uwa, mu mutanen ƙasar Gwandu, daga Kalgo zuwa Dangoma, kullum sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana bakinmu. Amma mu nawa muka san jarrabawar da ta fi yi masa nauyi?

Shi ne ƙanen Shehu Usmanu, ɗalibinsa kuma wazirinsa. Shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto a 1804, inda aka karya Yunfa Sarkin Gobir. A 1805 ya ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Aka naɗa Usman Masa, ɗan gidan sarautar Kabi da ya bi jama'a. Shekarar ba ta ƙare ba aka sha kashi a Alwasa, Usman Masa kuwa ya juya baya. Haka amanar da aka ƙulla don riba take, iska na sauyawa sai ta bi.

Shehu ya rasu a 1817. Malam yana Boɗinga, kafin ya iso Sakkwato an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, har ana ruwaito cewa ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ka duba fa, ga ilimi, ga shekaru, ga takobi. Da wani ne, da an zubar da jini. Shi kuwa ya juya bai tara runduna ba, daga baya ya zauna a Gwandu.

Ana cikin wannan tsamin, Abdussalami, tsohon almajirin Shehu, ya yi tawaye a Kware. Bayan an murƙushe shi, wutar ta sake tashi a Kalambaina kusa da Gwandu, ta gagari Malam. Bello bai ce ina ruwana ba, ya taso da dakarunsa aka ci garin tare. Da suka haɗu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Malam ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Nan gabar ta mutu.

Daga nan ya bar wa ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu yawancin harkar mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu, har ya rasu a Gwandu a 1245 bayan hijira.

Mu da muke raba masallaci saboda limanci, muke yanke zumunci saboda gadon gona, me za mu ce? Allah Ya jiƙan Malam, Ya haɗa kanmu. Amin.