Alois Alzheimer, Likitan da Ba Wanda Ya Yi Wa Tambaya

Da yawanmu mun taɓa jin sunan Alzheimer a matsayin cutar mantuwa, wadda a gida muke cewa gigin tsufa, wasu ma su ce jifa ne. To, sunan mutum ne.

An haifi Alois Alzheimer a 1864 a Marktbreit, ƙasar Jamus. Da ya gama karatun likita, ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt a 1888. A nan ne, cikin Nuwamba 1901, aka kawo wata mata, Auguste Deter. Tana mantuwa, tana zargin mijinta ba gaira ba dalili, rubuta sunanta ma gagararta yake yi. Shekarunta 51 kacal, ka ga ba za a ɗora wa tsufa laifi ba.

Abin da ya burge ni da mutumin nan shi ne bai ce mahaukaciya ce ya wuce ba. Zama yake yi da ita, ya yi mata tambaya, ya rubuta amsarta kalma da kalma, har wadda ba ta kan hanya. Ya koma Munich, amma bai daina bibiyarta ba. Da ta rasu a Afrilu 1906 aka aika masa ƙwaƙwalwarta. A madubin likita ya ga wasu dunƙule-dunƙule tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikinsu. Har yau waɗannan biyun ne alamomin cutar.

Ranar 3 ga Nuwamba 1906 ya gabatar da bincikensa a taron likitoci a Tübingen. Ko mutum ɗaya bai yi tambaya ba. Mu 'yan ajin ƙarshe irin wannan shirun muke roƙo ranar kare furojet, amma a wurinsa alama ce ta ba a damu ba. Sai a 1910 maigidansa, Emil Kraepelin, ya sa wa cutar sunansa a littafi.

Ya zama farfesa a Breslau a 1912, rashin lafiya ta kama shi, ya rasu a Disamba 1915 yana da shekara 51, shekarun Auguste ranar da ya fara ganinta.

Maganin warkewa dai babu har yanzu. Irin su donepezil sassauci suke kawowa, lecanemab kuma, da Amurka ta amince da shi a 2023, rage gudun cutar yake yi kaɗan, ga tsada. Fayil ɗin Auguste, da rubutun hannunsa, an gano shi a Frankfurt a 1995.